Sabunta fentin mota: aikin kwana uku ko na mako biyu?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin fentin mota a cikin wannan zaure. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, ruwan azurfa, injinta lafiya lau, amma rana ta cinye fentin rufinta da na bonet har saman fentin ya fara ɓarewa yana tashi fari-fari, sannan tsatsa ta ɓullo a ƙasan ƙofar baya ta hannun dama. Na kai ta wurin masu fenti biyu a nan Kaduna. Na farko ya ce cikin kwana uku zai miƙa mini mota tana sheƙi, na biyu kuma ya ce ba zai karɓi aikin ba sai na amince na bar masa ita mako biyu, kuma kuɗin da ya nema ya kusa ninka na farkon. Abin da nake son fahimta shi ne matakan da ake bi wajen sabunta fenti, domin in gane abin da ɗaya zai yi wanda ɗayan zai tsallake.

Ogan Fenti:
Wa alaikumus salam, Malam. Feshin da kake gani ana yi da bindigar fenti shi ne mafi gajarta a cikin aikin gaba ɗaya, domin a yini ɗaya ake gama shi, sauran kwanakin duk a kan shirya jikin motar suke tafiya. Da farko ana wanke motar sosai a goge duk wani maiƙo da ke jikinta, sannan a kwance abin da zai kwantu: fitilu, bamba, madubai, hannuwan ƙofofi, lamba da robobin gefen gilashi. Mai gaggawa ba ya kwance su, sai ya bi su da tef da jarida ya rufe, kuma daga bakin waɗannan robobin ne sabon fenti yake fara ɗagowa, saboda samfefa ba ta isa can ciki ba.

Bayan haka sai mai gyaran bodi ya shigo ya buga duk inda ya lotsa har ƙarfen ya koma kusa da yadda yake. Tsatsar da ka ambata a ƙasan ƙofa ita ce babbar jarrabawa. Idan a sama kawai take, ana kankare ta har sai farin ƙarfe ya bayyana, amma idan ta riga ta huda, babu magani sai a yanke wurin a yi waldar sabon ƙarfe. Wanda ya cusa fila, wato kwaɓin da ake shafawa a cike lotsawa, a cikin ramin tsatsa ya binne ta ne da ranta, kuma kafin damina biyu za ka ga wurin ya kumbura ya fashe.

Ita fila amfaninta ta cike ɗan abin da guduma ta kasa daidaitawa, bai kamata kaurinta ya wuce milimita uku ko makamancin haka ba. Ana gurza ta da samfefa mai lamba 80 a fitar da siffa, a bi da 180, a kai ga 320 domin a kashe zanen da mai kaushin ta bari. Daga nan sai firaima, wato fentin shimfiɗa da kala ke hawa a kai, wadda ake fesawa sau biyu ko uku a bar ta ta bushe sosai, sannan a goge ta da lamba 400 zuwa 600. Sai an kai nan ake rufe gilasai da tayoyi, a share jikin da maganin cire maiƙo, a fesa kalar sau biyu ko uku ana jiran minti goma zuwa sha biyar a tsakani, a rufe da kiliya sau biyu. Kiliya ita ce wannan fenti mai kama da ruwa da ke ba mota ƙyalli yana kuma kare kalar daga rana, kuma ita ce ta mutu a rufin motarka. Idan ka lissafa lokacin da fila da firaima suke bukata su bushe, za ka ga cewa kwana uku ba za su ɗauki wannan aiki ba sai an yar da wani abu daga cikinsa.

Dillalin Motoci:
Oga, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja a wuri ɗaya. Akwai masu fenti da ke tsawaita aiki da sunan sai sun kankare mota gaba ɗaya har ƙarfe, mai mota yana ganin an yi masa aikin ƙwarai, alhali an cuce shi ne. A harkarmu mun san cewa babu shimfiɗar da ta kai wadda kamfani ya yi, kuma motar da aka kankare har ƙarfe a garejin da ba shi da rufi ta fi saurin yin tsatsa fiye da wadda aka goge sama-sama aka fesa. Saboda haka ba kowane mai cewa mako biyu ne ya fi mai cewa kwana uku gaskiya ba. Ya kamata Malam ya tambayi na biyun abin da zai yi a cikin waɗannan kwanakin.

Ogan Fenti:
Alhaji, ban ce a kankare mota duka ba, kuma na yarda da kai cewa inda fentin kamfani yake da lafiya, kashe masa ƙyalli kawai ake yi domin sabon ya samu abin kamawa. Amma rufi da bonet na wannan motar ba sa cikin wannan hukunci. Kiliyar da ta fara ɓarewa dole a cire ta duka har a kai ga shimfiɗar da ke riƙe da kanta, domin idan aka fesa sabo a kan wadda ta saki, tare za su tashi.

Malamin Fasaha:
Ina so in ƙara haske a kan dalilin da ya sa maganar Alhaji take da tushe. A masana'antar ƙera motoci ana tsoma gangar jikin motar ne gaba ɗaya a cikin wani babban kwarmi na firaima, a saka wutar lantarki ta ja sinadarin ya manne a kowane lungu, har cikin ƙofofi da ginshiƙai inda bindigar fenti ba za ta taɓa isa ba. Bayan haka ana gasa jikin a zafin da ya haura digiri 140, lokacin da babu roba ko waya ko kujera a cikinsa. Babu garejin da zai iya maimaita wannan, komai kayan aikinsa. Duk shimfiɗun kamfanin idan aka haɗa su, tun daga firaima har kiliya, kaurinsu bai fi na takardar rubutu ɗaya ko ɗaya da rabi ba, don haka mai riƙe da injin gurza yana iya cinye su cikin ƙiftawar ido idan hannunsa ya yi nauyi.

Inda kuma ya zama dole a kai ga farin ƙarfe, kamar wurin tsatsar nan, bai kamata a bar shi ya kwana a buɗe ba, kuma firaimar da ake fara sa masa daban take da wadda ake cike zane da ita. Ta farkon ita ce mai kama ƙarfe ta hana tsatsa, ta biyun kuma mai kauri ce da ake gogewa domin a samu santsi. Masu fenti da yawa suna tsallake ta farkon saboda kuɗinta, kuma mai mota ba shi da hanyar ganewa bayan an rufe. Haka nan bamba ta roba tana da nata sinadarin da ake fara fesa mata idan an kai ga tsurar robar, in ba haka ba fentin zai riƙa ɓantarewa duk lokacin da aka ɗan goga ta.

Tsohon Direba:
Ni dai 'ya'yana, a zamaninmu na Peugeot 504 da ake haɗawa a nan Kaduna, a gindin bishiya ake yi mana fenti, babu ɗakin gashi babu komai, kuma motar takan yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya da Funtuwa fentinta yana nan. Yanzu kuwa ko'ina ka je sai a ce maka sai oban, wato ɗakin gasa fenti, a ƙara maka kuɗi mai yawa. Ina so masana su gaya mini ko wannan ɗakin yana da amfani na gaskiya, ko kuwa hanyar karɓar kuɗi ce kawai.

Malamin Fasaha:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani gaskiya ne, sai dai fentin ne ya canza. Wanda aka fi amfani da shi a gareji a wancan lokaci da zarar tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta tashi daga jikinsa ya bushe, cikin 'yan mintoci ƙura ba ta iya kama shi, kuma ko ta kama ana goge shi da folish ya dawo. Na yanzu ana haɗa shi da hadina ne, wato sinadarin da ke sa shi ya daskare a hankali, saboda haka kiliya takan daɗe da danshi a jikin mota, kuma duk abin da iska ta kwaso a wannan lokaci a cikinta zai zauna. Amfanin ɗakin na farko shi ne iskar da ke shigarsa a tace take, kuma tana janye hayaƙin feshin kada ya sauko a kan motar. Gashin shi ne na biyu: ana ɗaga zafin zuwa kimanin digiri 60 na kusan rabin awa, abin da zai kwana yana bushewa sai ya yi ƙarfi nan take. Amma ɗakin ba ya gyara aikin da aka ɓata a ƙasa. Motar da aka cika da fila a kan tsatsa, ko a wane ɗaki aka gasa ta, za ta kumbura.

Ogan Fenti:
Ina goyon bayan Malamin Fasaha, kuma zan ƙara da cewa wasu wuraren da ake kira oban ɗaki ne kawai da aka jera wa fitilu, babu matatar iska babu na'urar zafi. Mai mota ya shiga da ƙafarsa ya duba kafin ya biya kuɗin ɗaki. Ni kaina na yi shekaru ina fenti a rumfa, kuma ana samun aiki mai kyau idan an kiyaye lokaci: a yayyafa wa ƙasa ruwa, a kewaye rumfar da leda, a yi feshin da sassafe kafin iska ta tashi. Sai dai yanzu muna cikin hunturu, kuma a irin wannan ƙurar ba zan ba kowa shawarar a fesa masa kiliya a fili ba.

Kowane yanayi da irin matsalarsa. Da damina, musamman a watan Agusta, laima takan sa fenti ya yi hazo ya rasa ƙyalli, kuma ruwa yakan taru a tankin kwamfiresa ya biyo tiyo ya fito tare da fentin, shi ya sa ake zubar da ruwan tankin kullum a kuma sa matarin ruwa a bakin tiyon. Da bazara kuma, idan zafi ya kai digiri 40, tina takan bushe tun fentin bai sauka a jikin mota ba, sai ka taɓa ka ji kaushi. A nan sai an nemi tina mai jinkirin bushewa, wadda ba kowane mai fenti ne yake damuwa ya saya ba.

Mai Corolla:
Na gode ƙwarai, na fara gane inda bambancin yake. Ina da tambayoyi biyu. Wani abokina ya ba ni shawarar in je in sayo kayan da kaina domin kada a sa mini na banza, shin hakan daidai ne? Sannan tunda za a fesa motar duka, ina tunanin in mayar da ita baƙa.

Mai Haɗa Kala:
Ranka ya daɗe, a kan sayen kaya ina ganin hanya mafi kyau ita ce ku je tare da mai fentin, ko kasuwar Panteka ce ko duk inda ya saba saye, shi ya zaɓa kai ka biya kana gani. Idan ka sayo kai kaɗai, duk abin da ya faru daga baya zai ce kayanka ne, kuma yana iya zama da gaskiya, domin kiliyar wani kamfani da hadinar wani kamfani ba lallai su jitu ba. Kowane gwangwani yana ɗauke da ma'aunin haɗinsa, yawancin kiliya kashi biyu ne da hadina kashi ɗaya, kuma da kofin awo ake yi, ba da ido ba. Inda aka fi cutar masu mota shi ne a kiliya: a sayi mai arha a tsinka ta da tina domin ta isa, ranar karɓar mota tana ƙyalli kamar kowace, bayan shekara guda a ranar Arewa ta dushe ta fara ɓarewa.

Za ka ji masu fenti suna tambayarka ko Autobase kake so ko Autocryl. Asalinsu sunayen kayan kamfanin Sikkens ne, amma a kasuwa sun zama sunan nau'i biyu na aiki. Na farko kala ce da ake rufewa da kiliya, na biyu kuma fenti ne mai ɗauke da ƙyallinsa wanda ba ya bukatar kiliya, ya fi arha kuma ya dace da fara ko ja ko rawaya marasa ƙyalƙyali, irin na motocin haya. Ruwan azurfa irin taka dole sai na farkon, domin akwai ƙananan ɓarɓashin alminiyam a cikin kalar da kiliya ce take rufe su. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi, za ka ga inda aka rubuta C/TR, lambobi ukun farko su ne lambar kalar motarka. A Toyota 040 fara ce, 202 baƙa, 1F7 kuma ɗaya ce daga cikin ruwan azurfarsu. Da wannan lambar ake haɗa kala, sannan a fesa a ɗan faranti a fita da shi rana a gwada da cikin ƙofa inda fentin bai koɗe ba.

Dillalin Motoci:
Maganar mayar da ita baƙa kuwa, Malam, ina roƙonka ka janye ta. Canjin kala na gaskiya yana nufin a fesa cikin ƙofofi da ginshiƙai da cikin but da ƙarƙashin bonet, wanda ya kusa zama wani aikin daban, kuma idan ba a yi haka ba duk wanda ya buɗe ƙofa zai ga mota mai kala biyu. Mai saye kuma da zarar ya ga an canza kala sai ya fara zargin haɗari ko wani abin da ya fi haka, farashi ya faɗi. Sannan takardun motarka ruwan azurfa suka ce, dole ka je ofishin lasisi a gyara su, in ba haka ba kowane shingen bincike sai ka yi dogon bayani.

Ogan Fenti:
Ban da wannan, baƙar kala ba ta rufa wa mai fenti asiri. Duk wani ɗan tudu ko kwari ko zanen samfefa da ruwan azurfa zai ɓoye, baƙi zai fito da shi fili, don haka shirin jikin yakan ɗauki lokaci fiye da na kowace kala.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, kuma ina so in ja hankalin iyayen gidan gareji a kan yaran da ke koyon aikin. Hadinar da ake zubawa a kiliya da firaima tana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda sananne ne wajen haddasa cutar asma ga masu feshi, kuma wanda jikinsa ya riga ya kamu, ko kaɗan ya shaƙa daga baya ƙirjinsa zai toshe. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne takunkumi mai gwangwanayen tace hayaƙi da ake sauyawa a kai a kai, wanda ya fi kuma shi ne mai kawo iska mai tsabta ta tiyo. Wanke hannu da tina da ake yi bayan an tashi aiki shi ma yana busar da fata ya tsattsaga ta, kuma madarar da ake ba yara su sha bayan feshi ba ta wanke huhu. Mai mota ma yana da rawar da zai taka, domin yana iya tambaya ya ga da me za a kare wanda zai fesa masa mota.

Ogan Fenti:
Hajiya, wannan magana taki gaskiya ce, kuma nauyin a wuyanmu yake mu masu gareji. Ina kuma ƙara jan kunnen 'yan'uwana a kan ƙurar fila, domin ita ce dalilin da ya sa wasu suke goge fila da ruwa. Hakan yana kashe ƙura amma yana ɓata aiki, saboda fila tana shan ruwa, kuma ruwan da ta sha zai fito daga baya ya tayar da ƙuraje a ƙarƙashin fenti. A busasshe ake goge ta, mai gogewar ya sa takunkumin ƙura.

Mai Corolla:
Na koma wurin mai fenti na biyu da tambayoyin da kuka koya mini. Ya ce rufi da bonet da saman but ne kawai zai cire wa tsohon fenti, sauran jikin kashe ƙyalli zai yi, ƙasan ƙofar kuma ya ƙwanƙwasa ya nuna mini cewa ta huje, sai an yanke an yi walda. Ba shi da ɗakin gashi, amma ya ce idan an gama shiri zai kai motar wani wuri a kama hayar ɗaki na yini ɗaya. Na bar maganar baƙar kala. Abin da ya rage mini shi ne sanin yadda zan bibiyi aikin, da yadda zan kula da fentin bayan na karɓa.

Dillalin Motoci:
Ranar karɓa ka je da rana, kada ka yarda a miƙa maka mota da magariba ko a ƙarƙashin fitila. Ka tsaya a gaban motar ka kalli gefenta a karkace, a nan ne tudu da kwari suke bayyana, ka duba ƙasan ƙofofi ko fenti ya tsiyaya, ka duba robobi da gilasai ko feshi ya taɓa su. Ka riƙe ɗan mayen ƙarfe ka nannaɗe shi da ƙyalle ka bi wuraren da aka gyara, duk inda ya ƙi kamawa fila ce mai kauri a wurin. Kada kuma ka biya kuɗin duka tun farko, ka raba shi gida uku: na kaya, na bayan firaima, da na ranar karɓa.

Ogan Fenti:
Zuwan da ya fi muhimmanci ba na ranar karɓa ba ne, Malam. Ka je sau biyu kafin nan. Na farko bayan an yi waldar ƙofa kafin a shafa fila, ka ga sabon ƙarfen da idonka, ka kuma tabbatar an shafa wa bayansa maganin tsatsa ta cikin ƙofar, sannan ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofa ba a toshe su ba. Na biyu bayan an goge firaima, ka shafa tafin hannunka a jikin motar, abin da hannunka ya ji a ranar shi idonka zai gani bayan an fesa kala, kuma a lokacin gyaransa ba shi da tsada.

Bayan ka karɓa, idan ka ga 'yan ƙwayoyin ƙura a cikin kiliya kada hankalinka ya tashi, ana goge su da samfefa mai lamba 1500 zuwa 2000 da ruwa a bi da injin folish, kuma wannan yana cikin aikin da ka biya. Ka bar motar mako guda kafin wankin farko, a wanke ta da ruwa mai yawa da tsumma mai laushi, ban da garin sabulun wanki, kuma kada yara su share mata ƙurar hunturu da busasshen tsumma. Kada a shafa mata man ƙyalli ko a lulluɓe ta da tamfol sai ta yi wata biyu zuwa uku, domin sauran tinar da ke cikin fentin tana ci gaba da fita. Kashin tsuntsu kuma a wanke shi a ranar da ya sauka, saboda yana cin sabuwar kiliya ya bar tabo.